Ɗari Biyu Duk Laraba

Hotonsa na nan a ƙofar shagona.
Rana ta cinye rabin fuskar,
ruwa ya wanke alkawarin da ke ƙasa,
murmushin ne kaɗai ya ƙi koɗewa.

Ni na liƙa shi, da kunun rogo,
shekarar da munka ba murya amana.
Ran da ya shigo Bunza
na bar keke da wandon mutane a baki,
na bi motarsa har takalmina ya tsinke.
Ya ce talaka, munka amsa kamar sunan yanka.
Ya ce gobe, munka ga goben da idonmu.

Mun kwana rumfar zaɓe da tocila,
muna tsaron akwati kamar masu jiran haihuwa.
Ya ci.
Munka ƙone man babur har asuba.
Lambar da ya ba Arzika da hannunsa,
tun ranar mace guda ke ɗauka,
wai a kashe take.

Damina uku gulbi na cin hanyar fadama.
Kwalbati ya karye,
shinkafa na can, mu muna nan,
jakin Ɗanjumma ya tafi da buhu biyu.
Mu kuwa, masu ra'ayin ci gaba,
masu rediyo manne da kunne,
muna bencin mai shayi
muna tsine wa wanda ya tafi, muna cigiyar wani.
Hakilu ya ce akwai wani yaro a Birni,
in ya buɗe baki sai tsigar jikinka ta tashi.
Na ce ba ruwana.
Amma ƙirjina ya motsa,
kamar tsohon ɗan dambe ya jiyo kalangu.

Tumba ce ta ɓata muna hira,
mai ƙosan bakin tasha,
wadda ba ta taɓa ɗaga tutar kowa ba.
Ta dire littafi duk mai a bangonsa.
"Ɗari biyu duk Laraba.
Wanda ba shi da ita, ya zo da shebur.
Kun daɗe kuna duban sama,
ga ruwa nan ya kai muku gwiwa."
Munka yi dariya. Ni na fi kowa.

Larabar farko mu bakwai ne da akuya.
Ba lasifika, ba kirari, ba mai tafi.
Tun la'asar har magariba
ana gardamar wa zai riƙe kuɗi.
Arzika ya yi fushi ya fita,
ya dawo ɗaukar hularsa, ya zauna.
Na koma gida da ciwon kai,
ina kewar ranar da nake ihu kawai.

Sau tara munka taka ofishin kansila.
Ba ya nan. Ya fita. Yana taro. Ku dawo.
A na tara ya gaji da fuskokinmu,
ya sa hannu ba ya ko duban takarda.
Siminti buhu talatin.
Yashi daga kawunanmu,
rodi daga littafin Tumba,
kanona uku-uku a ƙafata.

Kada in yi muku ƙarya,
kwalbatin a karkace yake,
kuma ba sunan kowa a jikinsa.
Amma bana amalanke ta wuce ta kai,
na tsaya ina jin kukan tayarta
kamar wanda ake wa bushara.

Jiya Hakilu ya kawo hoton yaron.
Kyakkyawa ne, haƙoransa farare.
Zan saurare shi, wata ƙila ma in dangwala mai,
kunne ba ya tuba da son zaƙi.
Takardar dai mai kauri ce.
Na juya bayanta, na tsaga layi da alli,
na rubuta waɗanda za su je asibiti
su tambayi ina maganin ya shiga.

Ku yi haƙuri, zan rufe shago.
Yau Laraba,
kuma Tumba na bina ɗari huɗu.