'Yar Jakar Mahaut

A birnin Rouen, bakin kogi,
baduku Gautier ya yanki fatar maraƙi,
ya zarge bakinta da tsirkiya,
ya miƙa wa 'yarsa Mahaut: "Ungo bujet."
'Yar jaka ke nan a bakinsu, ba wani abu ba.
Ciki allura biyu, gutsuren cuku,
da kwabo uku.

Mijinta falke ne. Ya rataya ta a sirdi,
ya haye teku zuwa Dover.
Mutanen can suka tauna sunan,
ya fito daga haƙoransu bajet.

Gara ta ci fatar,
sunan ya ƙi ruɓewa.
Har majalisar Landan ya kai,
inda ma'aji ke kwance masa baki
a zazzage harajin gishiri
da kuɗin jiragen yaƙi.

Daren Lahadi a Leeds,
Maureen Ackroyd na zaune a kicin:
kuɗin wuta, haya, takalmin autanta da ya yage.
Ta rubuta, ta soke, ta sake.
Ba ta san Mahaut ba,
amma gindin jaka ɗaya suke lalube,
inda kwabo ukun nan
har yau ba su haihu ba.