Ɓarawon Kuran a Bilbis

Shekara goma sha ɗaya ina bin bango,
littafi a hammata, biro a bayan kunne.
Ba na shiga gidan kowa.
Ni da akwatin kuran muke gaisawa,
in kwashe lamba, in wuce.
Karnukan Tawa sun san kukan babur ɗina,
masu gida sun san fuskata, ba don so ba.

A Bilbis akwai wani lungu mai ƙofa bakwai
da kontarsa ta koma tafiyar hawainiya.
Watan fari na ce kuskure ne.
Wata na biyu ga bazara, rana na gasa kwano,
fankokin gari na kuka har asuba,
su kuwa lambarsu sai rama take.
Na ce ruwa ba ya tsami banza,
wani ya yi wa waya kaciya.

Na zo da tsani, na zo da takardar tara.
Tsahara ta buɗe, hannu duk laka.
Ta dubi tsanin, ta dube ni:
"Shigo, ɗan kuran. Ɓarawon na ciki."

Tun daga zaure sanyi ya tarye ni,
irin na gindin rijiya.
Duma da soso sun haye rufi sun yi masa bargo,
inda hannunsu bai kai ba, an shafe da farar ƙasa.
Ruwan wanke-wanken da ke kwana a titi yana renon sauro
an ja masa hanya ta tsakuwa da gawayi
har gindin zogala.
Yakuwa a tsohuwar taya. Albasa a fasasshen kwano.
Tattasai a takalmin roba, wai aikin yara ne.

"Nan fako ne da," in ji ta, "ko jaki ba ya kwanciya.
Nomau ya zo daga Badagishiri jinyar ido,
zama ya ishe shi, ya ari hauya,
ya haƙa ramu, ya cika su da taki,
ya ce mu jira gara ta yi sauran."

Na ce, "Firji fa?"
Ta ɗaga jiƙaƙƙen buhu:
randa cikin randa, rairayi a tsakani,
tumatir kwana tara bai yi fushi ba.
A madafa murhun laka ya rungume tukunya,
itacen kwana biyu yana kai su Juma'a.
Abarshi tela ya bi ɗaki ɗaki
ya sauke ƙwayaye masu zafin nan,
da kuɗin adashi, dala hamsin hamsin.

Ba wai aljanna na gani ba.
Ƙofa ta bakwai ba ta shiga,
Bizo ya ce shi ba zomo ba ne da zai rayu a kan ganye,
akuyarsa kuwa ba ta san da wannan magana ba,
sau biyu tana cinye salati,
har yau ana ƴar tsama a bakin famfo.

Na hau tsanin dai, don aiki aiki ne.
Waya lafiya lau.
Daga can sama na ga unguwa ja, ja, ja,
sai wannan ɗigon kore
kamar wanda alƙalami ya zubar da gangan.

Da na sauko ta karɓi takardar tarar,
ta naɗe ta kamar ta mai ƙosai,
ta zuba ƴaƴan duma bakwai a ciki.

Daren nan na tsaya gaban tawa kontar,
tana sukuwa kamar an biyo ta.
Na kashe fitilar tsakar gida.
Wata ya isa.
Na tona gindin bango da cokali.