Baƙo da Muryar Ɗan Gida

Da asuba na ɗebo ruwa a magudanar Gamkalle,
inda majema ke tofar da yawunta cikin kogi.
Kwalba uku. Ta ukun tana warin fata.

A ɗakin gwaji akwai faranti mai rami casa'in da shida,
kowane rami da ƙwayoyin jikin wata mata
wadda ta rasu tun ban zo duniya ba.
Ba sa hayayyafa
sai jini ya aiko musu da manzo.

Na ɗiga musu tataccen ruwan nan.
Kwana shida ina jira.
Sau biyu wutar Yamai ta ɗauke,
Tanimun ya tada inji da zagi da addu'a.

Ran na bakwai na leƙa madubi:
sun cika rami maƙil.
Baƙo ya yi sallama da muryar ɗan gida,
sun buɗe masa ƙofa.

Na rubuta lamba. Hannuna bai yi rawa ba.

Sai da magariba,
Bibata, mai shekara takwas,
ta jawo kwanon kifi gabanta,
ta ce, Inna, cire mini ƙaya.