Awa Ɗaya da Rabi

A bangon ofishina an manna takarda:
Resolute zuwa Grise Fiord,
kilomita ɗari huɗu ba kaɗan,
awa ɗaya da rabi a sama.
Wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba,
bai dai taɓa jira ba.

Ni ce mai duba sama a garin nan.
Kowace awa in zura takalman fata,
in fita in dubi dutsen da ke bayan fili,
in dubi ƙyallen da ke nuna iska,
in dawo in gaya wa rediyo abin da na gani.
Kwana tara ke nan bakina bai sake magana ba:
gajimare ya sauko ya kwanta a kan teku,
ban ga dutse ba,
ban ga ƙarshen fili ba.

Kwana tara, in ji agogo.
Rana kam ba ta faɗi ba tun Afrilu,
zagaye kawai take, kamar baƙuwa mai neman ƙofa.

Can ɗiyata Qaunaq na zaune kan jakarta,
da jariri goye a cikin riga.
Kukansa na sani, ta waya.
Nauyinsa aka faɗa mini da lamba,
hannuna bai shaida ba.

Matuƙi Thibault ya kira:
"Nuvuja, me kika gani?"
Kalma biyu ce tsakanina da jikana.
In ce "ya washe", inji ya tashi.
Na riƙe abin magana har yatsuna suka yi sanyi.
Dutsen nan ba ya jin roƙo,
ba ya matsa wa kowa.
Na ce: "Ban ga komai ba. Ku zauna."

Kawu Qillaq ya shigo shan shayi,
ya karanta takardar ya yi dariya.
Ya ce shi da karnuka tara ya bi hanyar,
bai ƙirga kwanakin ba,
amma kowace safiya gida na ƙara matsowa.
"Ku kun iya tashi," in ji shi,
"mu mun iya tafiya."

Ran na goma, ƙarfe huɗu,
kafaɗar dutse ta leƙo, baƙa wuluk,
sai wuyansa, sai kansa.
Na faɗa sau biyu don kada murya ta ci amanata.

Daga nan ne awa ɗaya da rabin ta fara.
Na wanke kofin da na riga na wanke.
Na share ƙofa.
Ita ce ta fi kwana taran tsawo.

Da ƙafafun jirgi suka taɓa tsakuwa
aka sauke wasiƙu, da kwalin lemo, da tayar babur,
sannan Qaunaq.
Na tura hannu cikin rigarta, na ɗago shi.
Barci yake.
Na manta ban rubuta lokacin sauka ba.