Bayan Gida a Tsakiyar Gida

A garinmu sunansa bayan gida,
can ƙarshen danga, inda dalbejiya ke zubar da ganye,
ba mai tsayawa ya dubi bangonsa.
A nan Bradford ga shi ƙarƙashin matakala,
taku biyar daga tukunyar miya,
ɗakin da in ka buɗe hannuwa
ka gaisa da bango biyu lokaci guda.

Da muka sayi gidan, kafet muka tarar a ciki.
Kafet, jama'a! Ruwan hoda, mai gashi,
ya sha abin da ya sha shekara talatin.
Na ɓamɓare shi da safar hannu da a'uziyya.

Famfo biyu: na hagu wuta, na dama ƙanƙara.
Alwalar asuba sai ka zama alƙali,
kana tara ruwa a tafi, kana sulhu
tsakanin 'yan uwan da ba sa ga maciji.

Barira, autata, ita ta karɓe ragamar aiki.
Ta baje katunan fenti kamar mai karta,
kowane kore da sunan yankansa:
wannan ganyen zaitun, wancan gansakuka bayan ruwa.
Na ce, 'yar nan, kore ai kore ne.
Ta ce, Baba, ƙaramin ɗaki ba ya tsoron duhun launi,
fari ne ke tona masa asiri.
Na yi gum. Shekara hamsin da takwas a duniya
ban san bango na da asiri ba.

Derek maƙwabcinmu ya durƙusa kwana biyu
yana jera tayil baƙi da fari kamar gidan dara,
shayi bakwai ya sha, ya ƙi karɓar sisi,
sai dai ƙosai, wanda ya naɗe wa matarsa a takarda.
Famfunan nan biyu ya ɗaura musu aure,
suka koma baki ɗaya, ruwa ɗumi-ɗumi.

Madubi ya zo, zagayayye kamar faifai,
aka rataye shi daura da fitila
don haske ya ninka kansa, tunda taga babu.
Kwandon kaba da na taho da shi daga Funtuwa
ya sami aikin riƙon tawul.
Ta so ta kafa rubutu mai kyau a firam,
na ce a'a, sunan Allah ba ya shiga nan.
Sai ta sa ƙyallen shuni,
tafin hannu ɗaya, mai zanen wata da taurari.

Rigimar a kan buta ta tashi.
Butata ta roba, mai ratsin kore da rawaya,
bakinta ya ɗan narke tun ranar da ta jingina da hita.
Barira ta ce a ɓoye ta a kabad,
ba ta shiga tsarin ɗakin ba.
Na ce ita ce mai ɗakin,
madubi da kyandir duk 'yan haya ne.
Kwana uku muna gaisuwa sama-sama.

Ranar Lahadi na ji ƙarar guduma.
Ta kafa 'yar kanta ta katako, ƙasa-ƙasa,
daidai inda hannu ke sauka ba lalube,
buta a kai, zaune ɗas kamar hakimi.
Matar Derek ma da ta leƙo
tambaya take inda ake sayar da irin wannan tulun ban-ruwan fure.

Yanzu da asuba nakan ja igiyar fitila,
fanka ta fara gunaguninta,
na shiga da ƙafar hagu, bakina rufe.
Inna ta hore mu: ba a daɗewa, ba a magana.
Ban karya ba.
Amma in na fito da dama, na nemi gafara,
kafin in ja ƙofa
nakan ɗan waiwaya.
Koren nan, ashe na gansakukan ta zaɓa,
irin na bakin rijiyarmu.