Gaɓar Yatsan Lamyai

Shekara arba'in da ɗaya Thongsuk yana noman shinkafa
a fadamun Surin.
Ya san ta tun tana tsiro,
ya san ranar da take sunkuyar da kai don nauyin 'ya'ya,
kafaɗarsa kan faɗi nauyin buhu kafin sikeli ya faɗa.
Amma bai taɓa dafa ta ba.
Wannan aikin Lamyai ne,
ita kuwa yau kwananta sittin da rasuwa.

Tukunyar lantarkin na nan kan benci, gefen taga.
Da fara ce. Furannin jikinta sun koɗe,
an naɗe wayarta da baƙin salatif
daidai inda ɓera ya ɗanɗana.

Ya ɗebi gwangwani biyu.
Ya tsaya.
Ya mayar da ɗaya cikin buhu.

Ruwan wankin farko fari fat, sai ka ce gasara,
na biyu ya ɗan washe.
Ya kai wa barkonon bakin ƙofa,
don haka ya ga tana yi,
bai kuwa taɓa tambayar dalili ba.

Sai awo.
A baje shinkafa, a kafa yatsa a kanta,
a zuba ruwa har gaɓar farko.
Da idonsa ya gani, sau dubu nawa.
Haka yake yi kullum,
kullum kuma sai ta caɓe.
Wata biyu ke nan karensa Mok yana ƙiba.

Duangkae ta kira daga masana'anta a Rayong,
injuna na ruri a bayan muryarta:
"Baba, duba ciki, akwai layuka da lambobi."
Ya kai tukunyar gaban haske, ya karkata ta.
Babu komai. Shekaru da soso sun cinye su.
"To sabuwar shinkafa ce, rage ruwa."
Ya yi tsaki. Shi za a koya wa?
Shi da ya yanke ta da laujensa,
ya san da danshinta take zuwa gida.
Ya rage ɗin. Bai hana ba.

Yau da safe, yatsansa na cikin ruwan sanyi,
sai daren asibiti ya dawo masa:
hannunta cikin nasa,
tafi kan tafi,
yadda yatsunta ke ƙarewa
tun nasa ba su yi nisa ba.

Ashe.

Ya tsiyaye ruwa kaɗan. Ya sake kafa yatsa.
Ya ƙara tsiyayewa,
har ruwan ya tsaya tsakanin farce da gaɓa.
Ya goge gindin tukunya da gefen zanensa,
ya rufe, ya danna.
Jar wuta ta kama.

Shiru, sai tsaka a bango.
Can murfi ya fara rawa,
tururi ya miƙe ta ɗan ramin,
ƙamshin jasmin, mai kama da ganyen fandan,
ya bi ƙarƙashin rufin kwano,
ya leƙa ɗakin da tabarmarta ke naɗe.

Ƙas!
Wuta ta koma rawaya.
Hannunsa ya kai kan murfi, sai ya ji ta:
"Bar ta ta huta mana.
Kai in ka dawo daga gona,
ana tare ka da tambaya tun a ƙofa?"

Ya zauna. Ya ƙirga minti goma a agogon bango,
ya ƙara biyu, don agogon na sauri.

Da ya buɗe, hayaƙi ya rufe masa tabarau.
Ya sa cokalin roba, ya juyo ta daga ƙasa.
Dogwaye, farare, masu sheƙi,
ga laushi, ga su wara-wara,
kowace ƙwaya ta san kanta.

Ƙwai ɗaya ya soya, ya ɗiga ruwan kifi.
Ya ci a tsaye, ya side kwano.
Mok ya dubi tukunya, ya dube shi,
ya fita bai ce uffan ba.

Thongsuk ya lalubo biro a aljihun tebur,
ya ja layi a yatsansa,
gudun kada gobe ya manta.