Gangaren Duluth

Shekara arba'in da ɗaya ban sauya mata ko noti ba
sai da irin wanda ta zo da shi.
Fod ce, ƙirar sittin da shida, koriya shar,
duk mai cewa in sa mata birkin zamani
nakan ce ya je ya sa wa kakarsa haƙorin zinare.

Sai ran Lahadin nan.
Garinmu a rataye yake a jikin tudu,
kowane titi na gangarawa tafki kamar mai jin ƙishirwa.
Linnea ke riƙe da sitiyari, shekararta sha bakwai.
Ta taka, ta sake takawa,
motar ta yi kunnen uwar shegu.
Jar fitila ta wuce ta kanmu.
Mun tsaya dai. Taku uku tsakaninmu da motar madara.
Ita ba ta yi kuka ba. Ni ne hannuna ya kasa riƙe makulli.

Yau ga ni kwance a siminti, bisa kwalin firiji,
bayan motar a sama, kan ƙafafun ƙarfe biyu,
ƙanƙara na ƙwanƙwasa kwanon gareji.
Taya ta fita. Gangar birki ta yi gardama,
na lallashe ta da guduma, gefe-gefe,
ta saki, ta zubo min tsatsa a gemu,
aikin gishirin da ake watsa wa titi duk hunturu.

Noti huɗu ke tsare da aksul.
Ta wata 'yar kafa ake kai musu,
ka juya, ka leƙa, ka kwance ɗaya, ka juya.
Uku sun bi.
Na huɗu ya ce sai dai a kashe tsohuwa kan daddawarta.
Na shayar da shi mai, na je na sha kofi, na dawo.
Ya bi.

Amma aksul ɗin kansa, ina!
Eino maƙwabcina ya shigo yana tari,
ya ce, "Juya gangar, mayar da ita a kife,
ɗaura noti uku sako-sako, ka fizga."
Abin da na ƙudurta jefarwa shi ya zama guduma.
Ƙwam. Ƙwam. Kafaɗata ta amsa kafin ƙarfen.
A ta bakwai ya taho,
dogo, da nauyi irin na yaron da barci ya kwashe,
haƙoransa na ɗigar baƙin mai.

Warin man nan!
Saboda shi Ardis takan tare ni a ƙofar kicin,
ta ce in tuɓe a waje ko in kwana da motar.
Shekara shida ke nan ba wanda ya tare ni.
Na yi tsaye da aksul a hannu, ina shaƙa.

Linnea ta dawo daga makaranta, ta ɗau tocila.
Ta leƙa kwali, sababbin faya-fayai na ƙyalli,
ta ce, "Kaka, ai ta daina zama ta asali."
Na ce, "Haska min nan."
Ta ce, "Alƙalan gasa za su rage maka maki."
Na ce, "Ƙasa kaɗan. Boris nake son gani."

Boris ya cinye. Gobe sai na kai a danna sabo.
Saura hagu, gwiwata kuwa ta ce ya isa haka.
Eino ya zunguri tsohuwar gangar da ƙafa,
ya ce in ba shi ya kai bola.
Na ce bar ta tukuna, aksul ɗin hagu na jiran ta,
bayan nan ma mu gani.

Ina goge hannu sai na ji motsin kwali.
Ta shige ƙarƙashi, takalma kawai nake gani.
Hannu ya fito, a buɗe:
"Ba ni sufana. Ba wannan ba, ƙaramar."
Na ba ta.